Buhun Gyaɗa Ɗaya: Yadda Gida Zai Kafa Sana'a a Sudan Ba Tare da Faɗuwar Fam Ta Cinye Jarin Ba

Duk wanda ya riƙe kuɗi a Sudan cikin 'yan shekarun nan ya san fam ba abin ajiya ba ne. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajarsa a rana guda, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a farashin banki. Gab da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 dala tana wajen fam 600, amma kafin 2024 ta ƙare ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Shi ya sa shawarar da aka saba ba mai neman sana'a, wato ya sayi kaya, ya ɗora riba, ya ajiye ribar, ba ta isa a nan. Mutum sai ya yi ta ciniki kullum, aljihu cike da takardu, jarin kuwa yana zagwanyewa bai sani ba.

Jagorar nan ta ginu ne a kan abu ɗaya: ku riƙa ƙirga jarinku da buhu, ba da fam ba. Na zaɓi gyaɗa domin babu gidan Bahaushe daga Mai Wurno zuwa Gadarif, daga Kasala zuwa Damazin, da za a rasa wadda ta iya sarrafa ta, kuma kasuwarta a buɗe take. Dakwa, wato niƙaƙƙiyar soyayyar gyaɗa, ba ta yankewa a kwanon salatin mutanen Sudan, mai kuwa kowace tukunya tana nemansa, sannan agashe, wato gasasshen nama mai yaji irin tsire, kowa ya san daga hannunmu ya fito. Wanda ya fi gane zoɓo ko riɗi ko busasshiyar kuɓewa, matakan nan za su yi masa aiki da ɗan gyara.

Mataki na farko: mai saye kafin kaya

Kada ku fara da zuwa kasuwa. Ku fara da zagaya unguwa na tsawon mako guda, ba ku sayar da komai, tambaya kawai kuke yi. Ku je wurin mai dukkan, wato mai kanti, ku je wurin masu shayi na bakin titi, da mai soya ta'amiya (irin ƙosai), da mai zalabiya (irin fanke) da safe, da mai agashe da yamma. Tambayoyin kaɗan ne: wurin wa kuke sayen dakwa ko mai ko yaji, nawa kuke ƙararwa a mako, me ke ba ku haushi game da wanda kuke samu. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ƙofarku. Wani zai ce dakwar da ake kawo masa an haɗa ta da gari. Wata za ta ce man yana kumfa a kasko. Mai agashe zai ce yajin da yake saye yau zafi gobe lami. Duk wanda ya yi irin wannan ƙorafi, ya riga ya gaya muku abin da zai sa ya bar tsohon mai kawo masa.

Ku kuma duba su wa ke cikin garin, da ko zama suka zo yi. Bayan faɗuwar birnin Madani a Disambar 2023, Gadarif da Kasala da Bur Sudan sun cika da waɗanda yaƙi ya koro, ciniki ya buɗe ta inda ba a zata ba. Tun da soja suka karɓe Madani a Janairun 2025, suka karɓe Khartum a watan Maris, jama'a suka fara komawa. Wanda ya gina sana'arsa kacokan a kan baƙi zai wayi gari rabin masu sayensa sun hau mota. A ɗaya ɓangaren, unguwannin da ake komawa suna da ƙarancin kantuna da injinan niƙa, wanda ya riga isa da kaya shi za a sani. Idan kuka samu mutum biyar da suka ce ku kawo su gani, kun samu abin farawa.

Mataki na biyu: inda jarin zai fito

Mafi kwanciyar hankali shi ne kuɗin gida: akuyar da aka sayar, ko abin da ɗan'uwa ya turo daga Jidda ko Riyad. In ɗan'uwa ne ya bayar, a faɗa tun ranar ko kyauta ce, ko rance ne, ko haɗin gwiwa, a gaban shaida. Zumunci da yawa ya lalace saboda wanda ya turo yana ganin shi mai hannun jari ne, wanda ya karɓa yana ganin taimako aka yi masa.

Adashi, wanda maƙwabta ke kira sandug, yana da kyau ga mai ɗauka da wuri, amma mai ɗaukar ƙarshe asara yake yi idan kaya suna tashi kowane wata. In da hali ku nemi ɗauka ta zo daidai da kaka, ko kuma ku shawo kan 'yan adashin a riƙa zubi da kaya, kowa ya kawo ma'auni ɗaya na sukari ko mai.

Bankuna irin su Bankin Usra da Bankin Iddikhar an san su da bayar da ƙaramin jari, galibi ta hanyar murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar muku da ƙarin riba, ku riƙa biya wata-wata. Ra'ayina shi ne kada mai farawa ya taɓa wannan a shekarar farko. Sau da yawa cak ake sa mutum ya rubuta a matsayin jingina, kuma a dokar laifuka ta 1991, sashe na 179, cak ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Kalmar nan ta "yabƙa li hinis sadad", wato ya zauna a tsare har sai ya biya, ba tatsuniya ba ce. Haka shail, inda ɗan kasuwa ke ba manomi kuɗi da damina ya karɓi amfani da kaka a farashin wulaƙanci: in kuna noma gyaɗarku da kanku, kada ku bari ta tafi ta wannan hanya.

Mataki na uku: sayen gyaɗa

Gyaɗa ta fi araha da kaka, daga wajen Nuwamba zuwa Janairu, ta fi tsada idan damina ta kusa, lokacin da manoma ke neman iri. Wanda ke da kuɗin buhu uku da kaka ya sayi ukun, ya fi masa a kan ya ajiye kuɗin biyu a asusun waya. Akwai ta damina mai ƙananan ƙwaya, irin Sodari da Gibesh da ke fitowa daga Kordofan da Darfur ta kasuwannin Nuhud da Ubayyid, akwai kuma ta ban-ruwa mai manyan ƙwaya daga Jazira da Rahad da Sabuwar Halfa. Yaƙi ya toshe hanyoyin yamma, saboda haka a gabas sau da yawa abin da ya samu shi ake saye. Ku gwada kowace da ɗan kaɗan, ku ga wadda ta fi ba ku mai da wadda ta fi daɗin dakwa, ku rubuta.

A san ma'auni kafin a yi ciniki. Kintar ratul 100 ne, kusan kilo 45. Gyaɗa mai ɓawo, idan aka ɓare ta, abin da ke saura wajen kashi biyu cikin uku ne na nauyinta, saboda haka kada arahar mai ɓawo ta ruɗe ku sai kun yi wannan lissafi kun haɗa da wahalar ɓara. Ku sa hannu har ƙasan buhu ku ɗebo, ba daga baki ba. Busasshiyar gyaɗa tana ƙara idan an girgiza ta, tana karyewa ƙas a haƙori. Wadda ta yi laushi, ko take warin rima, ko aka ga baƙi ko kore a jikinta, a bar ta ko kyauta ce. Irin wannan fumfuna tana haifar da gubar da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Maganinta guda ne: a zauna a tsince, a zubar da duk ƙwayar da ta motse ko ta canja launi. Kada a ba yara, kada a zuba wa kaji.

A ajiye buhu a kan katako ko bulo, nesa da bango, a ɗakin da iska ke shiga. Mai ɓawo ta fi jure ajiya, don haka a riƙa ɓare abin da zai isa mako guda kawai.

Mataki na huɗu: buhu ɗaya, kaya uku

A nan ne gidan Bahaushe ya fi mai dukkan. Shi gyaɗa ɗaya yake sayarwa, ku kuwa za ku fitar da dakwa, da mai, da yajin agashe daga buhu guda.

Suya ita ce tushe. A soya a babban kasko da yashi mai tsabta, wuta matsakaiciya, hannu ba ya tsayawa. Idan aka murza ƙwaya ɗaya jan ɓawon ya fita da sauƙi, cikin ya yi ruwan zuma, a sauke. Wadda ba ta soyu ba tana ba da dakwa mai gafi, wadda ta ƙone tana ba da mai ɗaci, kuma babu abin da zai gyara ta. A bari ta huce, a murje, a sheƙe, a sake tsincewa, domin wasu ruɓaɓɓun sai bayan suya suke bayyana. Sai a kai injin niƙa. Ku tsaya a kan kayanku har a gama, ku tabbata an goge injin, musamman in an niƙa barkono kafin ku.

Abin da ya fito daga inji shi ne dakwa. Kashin da za a sayar a haka a zuba shi a busasshiyar roba mai murfi, kada ɗigon ruwa ya taɓa shi. In mai ya taso a sama bayan kwana biyu, ba lalacewa ba ce, shaida ce ba a haɗa ta da gari ba, ku gaya wa masu saye haka.

Sauran kuma a juye a turmi ko babbar tukunya. Ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ana juyawa da muciya. Da farko ƙullun zai yi tauri har hannu ya gaji, mai koyo ya ɗauka ya ɓata. Can sai ka ga ya fara sheƙi, ya dunƙule ya saki gefen turmi, mai ya fara tsattsafowa yana taruwa a ƙasa. Daga nan a tsaya da ruwa, domin in ya yi yawa tunkuzar za ta saki, man ya koma ciki. A kwashe man, a ɗora tunkuza a kan faranti ko katako mai gangare, a yi ta matsa har ta daina zuba. A mulmula ƙuliƙuli, a soya shi a cikin man nan. Wannan suya aiki biyu take yi: tana ƙarasa ƙuli, tana kuma ƙone ruwan da ya rage a cikin man, wanda shi ne ke sa shi kumfa da saurin wari. A tace da ƙyalle mai tsabta bayan ya huce. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma hannu ba ya fitar da shi duka. Kada wannan ya dame ku, ragowar ce ke sa ƙulin gida ya fi ambaz, wato tunkuzar masana'anta, daɗi nesa ba kusa ba.

Ƙulin da ya bushe ƙarau shi ake dakawa a tankaɗe a yi yaji: citta, barkono, masoro, kanumfari, gishiri, da abin da gidanku ya gada. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a auna a rubuta. Kofi nawa na ƙuli, cokali nawa na citta. Mai agashe ba mafi daɗin yaji a duniya yake nema ba, yana neman wanda na yau zai zama daidai da na makon jiya.

A zagayen farko ku auna komai: ratul nawa na gyaɗa ya shiga, ratul nawa na dakwa da mai da yaji ya fito, gawayi nawa aka ƙona, nawa aka biya niƙa da raksha (keke mai ƙafa uku) da leda. Ba tare da wannan takarda ba, mataki na gaba ba zai yiwu ba.

Mataki na biyar: sa farashi

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, ba farashin kasuwa ba. A ce kun sayi buhu a kan fam 100,000, gawayi da niƙa da leda da kuɗin raksha suka ci 15,000. Cikin mako uku kuka sayar da komai, kuka tara 140,000. A lissafin makaranta ribarku 25,000 ce. Kuka cire ta kuka yi cefane, kuka koma kasuwa da 115,000. Sai kuka tarar buhu ya zama 120,000, gawayi ma ya tashi. Yanzu kuɗinku ba zai sayi buhu cikakke ba, balle niƙa. Ainihin ribar ba ta kai 5,000 ba, sauran da kuka ci jari ne. A yi haka sau huɗu ko biyar, sai a ji mutum yana cewa an yi masa baki, alhali ciniki bai taɓa tsayawa ba.

Saboda haka farashin kayanku ba daga abin da kuka saya jiya zai fito ba, daga abin da za ku saya gobe zai fito. Ku samu mutum ɗaya amintacce a kasuwar amfanin gona, ko dillali ko ɗan dako, wanda za ku riƙa tambaya farashin kintar sau biyu a mako. Ku riƙa duba nawa manyan kantuna ke sayar da jarkar mai mai ratul 36, domin ita ce ke ja wa naku man iyaka. Idan gyaɗa ta tashi, ku ɗaga naku a ranar, ko da kayan da ke hannunku na tsohon saye ne. Wasu suna jin nauyin yin haka, suna ganin kamar zalunci ne. Ba zalunci ba ne mutum ya sayar a farashin ranar. Abin da ba shi da kyau shi ne tauye mudu ko haɗa gari a ɓoye don a riƙe tsohon farashi.

Na biyu, kada kuɗi ya kwana da yawa. Da zarar abin da ya taru ya kai kuɗin rabin kintar, a mai da shi gyaɗa. Riba kuwa ba a cire ta sai an mayar da buhun da aka taɓa, an ware kuɗin gawayi da niƙa na zagaye mai zuwa. Abin da ya saura bayan wannan shi ne naku. A littafinku ku buɗe shafi guda wanda babu fam a cikinsa sam, a ƙarshen kowane wata ku rubuta: yau muna da buhu kaza, da ratul kaza na mai, da bashi a waje da ya kai ratul kaza. In lambar nan tana hawa, sana'a tana raye. In tana sauka, ko wayarku ta cika da sifili, akwai inda yake yoyo.

A sa ladan mai aiki a cikin lissafi, ko da uwar gida ce da 'ya'yanta. Ranar da ta kwanta rashin lafiya aka ɗauko wata, za a biya, to farashin ya kasance ya riga ya ɗauki wannan.

Sai batun ƙulli. Mutane da yawa yanzu a kan tsarin gadar zurufak suke rayuwa, wato sayen na yau kawai: dakwar salati ɗaya, man miya ɗaya. Ƙananan ƙulli sun fi kawo riba a kan kowane ratul, sun fi saurin tafiya, amma suna cin leda da lokaci. Manyan masu saye kamar mai agashe ribarsu kaɗan ce amma tabbatacciya. Ku riƙe duka biyun. Idan tsada ta zo, a ƙananan ƙulli ana iya rage girma a bar kuɗin yadda yake, muddin an faɗa wa mai saye. A ratul kuwa ba a taɓa ma'auni, kuɗin ake ɗagawa.

Mataki na shida: karɓar kuɗi da bayar da bashi

Yau ba a sana'a a Sudan ba tare da Bankak ba, manhajar Bankin Khartum. Akwai Fawry ta Bankin Faisal da O-Cash ta Bankin Umdurman, amma Bankak ce a bakin kowa. Tun canjin takardun fam 1,000 da 500 da aka fara a Disambar 2024, wanda ya tilasta wa jama'a zuba tsofaffin kuɗi a asusu, tsabar kuɗi ta yi wuya, har a wurare da dama sai an cire wa mutum wani kaso kafin a ba shi kash. Ku buɗe asusu da sunan mai sana'ar, kada a haɗa shi da asusun da ake turo kuɗin cefane. Ku tambayi mai sayar muku da gyaɗa ko farashinsa na kash da na Bankak ɗaya ne. In ba ɗaya ba ne, naku ma kada ya zama ɗaya.

Hoton ish'ari, wato shaidar tura kuɗi, ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar na jabu. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne: magariba ta yi, mutane sun taru a kan tebur, wani saurayi mai tsabta ya karɓi kaya ya miƙo waya.

"Kawu, ga shi na tura."

"Madalla ɗana, bari in ga ya shigo tawa."

"Shabaka ce ba kyau, zai shigo. Raksha na jira na."

"To ajiye ledar nan, in ya shigo ka dawo ka ɗauka, ba mai taɓa maka."

Mai gaskiya zai tsaya ko ya dawo. A koya wa duk yaron da ke zama a kan kaya wannan amsa, a kuma nuna masa yadda ake duba asusu. Sannan a tuna Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, kuɗin mutane ya maƙale a waya. Wanda jarinsa ke jingine a ɗaki cikin buhu bai daina ciniki ba.

Bashi ba a iya kauce masa a unguwa. Maƙwabciya za ta shigo ta ce, "Hajja, a ba ni ratul ɗaya, in baban yara ya turo zan kawo." Ba za a kore ta ba. Amma a sani cewa a shari'a, in an sayar da abu bashi, farashin da aka yanke ranar shi ne, ba a ƙara shi daga baya don fam ya faɗi. Ke nan duk bashin da ya daɗe ku ne kuke asara. Don haka a gajarta shi: mako guda, ba a ƙara sabo sai an biya tsoho, kuma duk bashin da ke cikin littafi kada ya wuce abin da in ya nutse ba zai hana ku sake sayen buhu ba. Mai dukkan da kuke ajiye wa kaya a yi da shi ranar lissafi tsayayya, misali kowace Alhamis. Wanda kuka san ba shi da halin biya, ku ba shi kaɗan sadaka, ya fi ku rubuta abin da zai sa ya riƙa canja hanya idan ya hango ku.

Mataki na bakwai: talla

Tallar farko ɗanɗano ce. Mutum biyar ɗin nan na makon farko, a kai wa kowa ɗan ƙulli kyauta, a koma bayan kwana biyu a ji ta bakinsa. Mai shayi guda da ta yarda da ku ta fi allon talla, domin duk unguwa a kan kujerunta ake zama. Zaman jabana na mata, wato zaman shan gahawa, da gidan suna, da gidan biki, nan ne labarin dakwa mai kyau ke yawo. Dillaliya mai shiga gida-gida a yanka mata kasonta a fili, ta ɗauki naku tare da turarukanta.

Kowace roba a manna mata takarda: sunan sana'a, lambar waya, ranar da aka yi. A rubuta da Larabci, domin yawancin masu saye shi suke karantawa. Robar da ta shiga gida ba lamba, in ta ƙare ba su san inda za su neme ku ba.

A waya kuwa, status na WhatsApp da zaurukan unguwa da na mata a Facebook sun wadatar. Kada ku ɗauko hoton wasu. Ku ɗauki gajeren bidiyon man yana tsattsafowa daga tunkuza, ko hannu yana tsince gyaɗa a faifai, domin mai tsoron algus abin da yake son gani ke nan. Ku sa farashi da kwanan wata a jiki, kada a zo bayan mako biyu ana jayayya. Saƙon murya ya fi rubutu isa ga tsofaffi, a yi ɗaya da Hausa ɗaya da Larabci.

Akwai masu saye da ake mantawa da su: 'yan'uwanmu da ke Saudiyya. Ɗan da ke aiki a Makka ko Jidda yana tura wa mahaifiyarsa kuɗi, amma hankalinsa ya fi kwanciya in ya san kaya ne suka isa gidan. Ku haɗa kayan wata: mai, dakwa, yaji, ƙuli. Ya biya ta Bankak, ku kai da raksha, ku tura masa hoton kayan a ƙofar gida, in tsohuwar ta yarda ta yi masa saƙon murya ta wayarku. Kada a ɗauki hoton matan gida. In kuka cika alkawari sau biyu, shi zai ba abokan ɗakinsa lambarku. Haka masu dafa abincin takiyya, wato abincin sadaka na unguwa, suna sayen mai da yawa a lokaci guda, sai dai a tabbatar da wanda zai biya kafin a sauke kaya.

Sha'aban lokacin shiri ne. Kafin azumi gidaje suna tara kayan yaji da zoɓo da tsamiya da kuka, kafin babbar salla kuma kowa yana neman yajin nama. A fara karɓar oda wata guda kafin lokacin, da rabin kuɗi a hannu, a sayi gyaɗar da shi a ranar.

Mataki na takwas: takardu da faɗaɗawa

Muddin daga gida kuke sayarwa ga maƙwabta, da wuya a tambaye ku komai. Ranar da kuka kafa tebur a titi ko kuka kama rumfa, ku je mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, ku nemi ruksa (lasisi) da katin lafiya na duk mai taɓa abinci, ku biya kuɗin shara, ku karɓi rasit ku adana hotonsa a waya. Kasha guda, wato samamen hukuma, tana iya kwashe tebur da kaya da kasko, asarar ta fi kuɗin takarda. In kun kai ga zuba kaya a manyan kantuna, za a buƙaci rajistar sunan sana'a a wurin musajjil tijari (ofishin rajistar kasuwanci) da bin ƙa'idar hukumar muwasafat mai kula da ingancin kaya.

Faɗaɗawa ta fi sauƙi ta hanyar da kayanku suka riga suka buɗe. In akwai saurayi a gida, teburin agashe shi ne na kusa, tunda yaji da mai naku ne, nama da gawayi da albasa da lemon tsami kawai za a saya. A fara da nama kaɗan wanda zai ƙare a daren, domin da wutar lantarkin da ba ta da tabbas ba a dogara da firji. Godogodo (irin fura) da zoɓo suna da kasuwa da zafi, amma ruwa ne jarinsu, kuma tun ɓarkewar kwalara da aka sanar a Agustan 2024, wadda ta yi tsanani a Kasala da Gadarif, ba a wasa da wannan: a tafasa ruwan ko a sa masa kilorin, a san inda ƙanƙarar ta fito.

Injin niƙa na kanku, ko faifan sola da zai tayar da shi, a jinkirta sayensa har sai shafin nan na buhuna ya nuna hawa wata uku a jere, kuma kuɗin da kuke biyan mai inji a wata ya kai abin da za a ce ya dame ku. In lokacin ya yi, a saye shi daga buhunan da suka ƙaru, a bar na asali a ɗaki, a kuma tambayi mai sayarwa inda ake samun kayan gyaransa a garinku kafin a biya.